Numfashin Tsauni

Daga Santa Kurus na taso da motar babana,
jar Datsun da rana ta lashe wa launi.
Kwana biyu ina hawa, hanya na naɗewa kamar gammo,
har na iso El Alto, inda gajimare ke kwana a ƙarƙashin gari.
A nan ta fara tari.
Na taka totur, ta amsa da gunaguni,
salansa na aman baƙin hayaƙi,
ni ma ƙirjina kamar an aza masa dutse.

Mai sayar da gasasshiyar masara ya nuna mini lungu:
"Nemi Donya Fermina Tikona."

Na same ta zaune bisa tsohuwar taya,
jelar kitso biyu har ƙugu, furfura ta cinye rabi,
'yar hula zagayayya a tsakar ka,
ganyen koka a kunci, baƙin mai a farce.
Ba ta tambayi sunana ba.
"Tayar da ita," ta ce.
Ta kafa bakin sukundireba a jikin inji,
ta manna kunne a ƙota,
ta lumshe ido kamar ungozoma a kan tsohon ciki.

Na ce, "Ƙarfi nake so, Donya.
Ran Lahadi akwai tsere a gaɓar Titikaka.
A sa mata babbar kafireta,
a buɗe mata maƙogwaro ta sha ta ƙoshi."

Ta kwance fulogi ɗaya ta aza mini a tafi,
baƙi ƙirin, sharkaf da fetur.
"Ƙoshin ne ya kwantar da ita.
A can ƙasa iska na da kauri, inji na ci hannu baka hannu ƙwarya.
A nan sama iska siririya ce, yaro.
Wanda ya ci fiye da numfashinsa, shaƙewa zai yi."

Ta shimfiɗa mayafinta mai ratsin ja da kore,
ta jera noti, wasa, sifirin,
kowane a inda hannu zai same shi ko da duhu.
Sanyi na cizon yatsuna, nata ko gezau.
Can sai ta tsaya.
A gindin kafireta, ƙarƙashin dattin shekaru,
ga zane uku da aka karta da tsinin ƙusa.

Ta daɗe tana shafa su da babban yatsa.
"Ɗan Saturnino ne kai."
Ban ce komai ba. Harshena ya yi nauyi.
"Shekara talatin da ɗaya. Zai sauka neman aikin rake.
Ni na faɗaɗa mata hanyar mai don iskar kwari.
Ya ce bayan girbi biyu zai dawo."

Na ce, "Watan jiya muka binne shi."

Ta tashi ba sauri, ta shiga ɗakin langa-langa,
ta fito da gwangwanin shayi mai tsatsa.
Ciki, a ƙulle cikin tsumma,
ɗan ƙarfen tagulla da bai kai ƙwayar wake ba,
raminsa allura ma sai ta rage ƙiba.
Ta hura shi, ta ɗaga wa rana,
ta mayar da shi mazauninsa.
Juyi ɗaya da rabi. Ta saurara. Ta ƙara kwata.

Inji ya tashi lafiya lau, kamar mage a kan cinya.

Ran Lahadi na zo na bakwai cikin sha ɗaya.
Babu kofi, babu tafi,
amma babu hayaƙi, ko tari ɗaya ba ta yi ba,
ga tafki shuɗi yana bi na ta taga ta dama.

Da na koma biyan kuɗi, na miƙa hannu ga babban ƙarfen.
Ta jefa shi cikin gwangwani ta danne murfi.
"Bar shi nan.
Ran da za ka sauka, ka zo ka karɓa."